Nauyi da daidaiton jirgin sama: kurakuran da mu masu gyara muka fi yi da yadda za'a gyara su

Matuƙin jirgi baya ɗora jirgi a sikeli kafin ya tashi, takarda kawai ake miƙa masa yasa hannu. Lambar farko da take kan takardar nan kuwa, wato nauyin jirgin ba fasinja ba kaya, da kuma daidai inda cibiyar nauyinsa take, daga hannunmu masu gyara take fitowa. In lambar nan ba daidai take ba to duk lissafin da za'a ɗora a kanta ya lalace, ko da wace irin kwamfuta akayi shi. Shi yasa nake so ƙannenmu da suke fitowa daga kwalejin jiragen sama ta Zariya suna shigowa hanga, wato rumfar gyaran jirgi, a filin jirgin Malam Aminu Kano su karanta wannan a nutse.

Kuskuren da yafi yawa shine a ɗauka kilo nawa ne kawai matsala. Zakaji yaro yace ai oga batir ɗin da na cire shi na mayar, wuri kawai na canja masa, nauyi bai ƙaru ba. Wallahi nan ne matsalar take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Singa yaga ana loda amalanke ya san maganar nan, buhu goma ne dai, amma in aka jera su saitin taya yaro ma zai tura, in aka tura su can ƙarshe sai amalanken ya ɗage da mai turawar. Jirgi ma haka yake, kowane kaya ana ninka nauyinsa da nisansa daga layin da kamfani ya ajiye a matsayin sifiri, wanda muke cewa datum, abinda ya fito shine momen, sai a tara momen duka a raba da nauyin duka, shine zai baka si-ji, wato cibiyar nauyin jirgin.

Ga misali da ƙaramin jirgi. Ace nauyinsa kilo 700, si-ji ɗinsa mita 1 bayan datum, momen 700 kenan. Sai aka ɗauke batir mai kilo 12 daga rabin mita gaban datum aka kaishi mita 3 can wajen jela. Cirewar ta ƙara 6, sakawar ta ƙara 36, momen ya zama 742, in ka raba da 700 zaka samu 1.06. Nauyi bai motsa ba ko giram ɗaya amma si-ji ya ja baya santimita 6. Wani zaice meye santimita 6, to jirgi irin Cessna 172 duka tazarar da aka yarda si-ji ya yi wasa a cikinta kaman santimita 30 ce kawai, kaga ka cinye kashi ɗaya cikin biyar kafin fasinja ko ɗaya ya hau.

Kuma a cikin misalin nan akwai wani tarkon da yake kama har manya. Abinda yake gaban datum nisansa mainos ne, abinda ka cire shima nauyinsa mainos ne, mainos sau mainos kuwa fulos yake bayarwa. Mutum yana sauri sai yace ai cirewa nayi, ya rage 6 maimakon ya ƙara, ya samu 730, amsa ta fito da kyau a kalkuleta amma ba ita bace. Maganinsa ka tsaya kayi tunani da ido kafin ka yarda da kalkuleta: na cire kaya daga gaba, to dole si-ji ya ja baya, in lissafina ya nuna akasin haka na san akwai inda na zame. Sannan kada ka haddace datum ɗin wani jirgi ka kawo kan wani, Cessna 172 nasa yana jikin bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi, manyan jirage kuma da yawa nasu yana can gaban hanci a iska inda ba komai. Buɗe manuwal ɗin jirgin da yake gabanka.

Sai ranar awo kanta. Nan Kano abu biyu ne suke ɓata mana awo, iska da ƙura. Ba'a auna jirgi a fili, cikin hanga ake yi a rufe ƙofa a kashe fanka, domin fiffike aikinsa kenan in iska ta bi ta kansa ya ɗaga, ko ƴar iskar hunturu ce ta shigo zakaga lambar sikeli tana rawa. A wanke jirgin a fitar da ƙurar da ta taru, amma kuma a barshi ya bushe sarai, don ruwa yana maƙalewa a lunguna ya ƙara nauyin da gobe babu shi. A daidaita shi da lebul a daidai wurin da manuwal ya nuna, in hanci ya ɗan sunkuya ko ya ɗaga jimlar nauyi zata fito daidai amma si-ji bazai fito daidai ba. A saki burki don kada taya ta riƙa tura sikeli gefe. Wejin da aka tokare taya da shi don kada ta gangara shima yana kan sikeli, a auna shi daban a cire. Akwatin sifana da tsumma da wani ya manta a ciki duk a fitar, sikelin kansa a duba takardar gwajinsa ko kwananta ya wuce.

Mai kuwa magana ce mai zaman kanta. Nauyin jirgi fanko ya haɗa da ɗan man da yake saura a tanki wanda inji baya iya zuƙa, don haka yadda manuwal yace a tsiyaye haka za'a tsiyaye. In dole ne a auna da mai a ciki to kada a ɗauki kilo 0.8 a kowace lita a ninka kawai a wuce, man jet yana iya kamawa daga kilo 0.775 zuwa 0.840 a lita, kuma in zafi yayi yawa irin na watan Afrilu a garin nan man yana buɗewa lita ɗaya tayi sauƙi, a ɗebi samfur a gwada a wurin. Bakin mai ma a duba, tsofaffin ƙananan jiragen Amurka da aka yiwa satifiket kafin 1978 galibi ba'a lissafa shi cike a nauyin fanko, na bayansu ana lissafawa.

Fam da kilo, inci da santimita, wannan kam a rubuta a jikin kowace lamba. Kilo ɗaya fam 2.2 ne. A 1983 wani Boeing 767 na Air Canada man shi ya ƙare a sama saboda an lissafa da fam an ɗauka kilo ne, Allah yasa matuƙan suka sauke shi ba inji a wani tsohon filin soja a Gimli ta Kanada ba wanda ya mutu.

Abinda yafi damuna gaskiya shine ƙananan canje-canje da ba'a rubutawa. Yau an canja rediyo, gobe an sa sabon kafet, jibi anyi faci a jela, kowanne ace ai kaɗan ne, bayan shekara uku takarda daban jirgi daban. Dokar Turai tace a sake auna jirgin haya duk shekara 4, kuma in canje-canjen suka taru suka wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar nauyin sauka a sake fitar da lambar. Amma kai kada ka jira, ranar da ka taɓa abu ranar zaka gyara jerin kayan jirgi, ka fitar da sabon nauyi da sabon si-ji, ka soke tsohuwar takarda ka rubuta kwanan wata yadda ba wanda zai ɗauko ta bisa kuskure. Fenti ma nauyi ne, a babban jirgi ɗaruruwan kilo ne, kuma in ka fenta elebeta, wato sashen jela da yake ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi, ko sauran sassan da suke motsi a fiffike da jela dole a sake gwada daidaitonsu su kaɗai kafin a mayar, in ba haka ba suna iya kama karkarwa a sama har su ɓalle. Dalmar da aka ɗaure don daidaito kada wani ya ganta yace ƙarfen banza ne ya cire, wadda aka sa na wucin gadi don gwaji kuma a tabbatar ta fita.

Ku nemi labarin jirgin Air Midwest da ya faɗi a Shalot (Charlotte) ta Amurka ranar 8 ga Janairu 2003, Beechcraft 1900D ne, mutum 21 ne a ciki duk suka rasu. Kwana biyu kafin nan an gyara wayar ƙarfen da take jan elebeta an tsallake wasu matakai na manuwal, sai ya zama elebetar tana sauka kusan rabin yadda ya kamata. Jirgin yayi ta tashi lafiya a haka ba wanda ya lura, sai ranar da aka cika shi, nauyi ya wuce iyaka si-ji ya koma baya, alhali takarda tana nuna komai daidai saboda matsakaicin nauyin fasinja da ake aiki da shi tsoho ne. Yana tashi hanci ya ɗaga sama, matuƙiyar ta tura gaba iya ƙarfinta elebeta bata da sauran inda zata je. Don haka duk wanda ya taɓa wayar elebeta, ya ɗauko ma'aunin kusurwa ya gwada hawanta da saukarta har ƙarshe, ya kira wani injiniya mai lasisi wanda bai sa hannu a aikin ba shima ya gwada da kansa, sannan su biyun su sa hannu a logbuk.