Yadda Ake Samar da Lambobin Rasit a Jere a PostgreSQL

Idan kana so kowane rasit da ya shiga rumbun bayanai na PostgreSQL (manhajar adana bayanai a tebura) ya samu lambarsa a jere, kada ka nemo lamba mafi girma a teburin ka ƙara mata ɗaya, domin idan masu karɓar kuɗi biyu suka danna maɓalli lokaci guda, dukansu za su ga 4310, kuma dukansu za su rubuta 4311. Abin da ya fi aminci shi ne ka ayyana ginshiƙin lambar da GENERATED ALWAYS AS IDENTITY, umarnin da ke sa PostgreSQL ya ba kowane sabon layi lamba ta gaba da kansa, wanda ya zo a PostgreSQL 10 a shekarar 2017.

Sai dai wannan hanya tana barin giɓi, saboda lambar da aka ciro ba ta komawa ko da an soke cinikin. Idan mai binciken asusu ba zai lamunci haka ba, sai ka keɓe ƙaramin teburi mai layi ɗaya da ke riƙe da lamba ta ƙarshe, ka ƙara mata ɗaya da UPDATE ... RETURNING (umarnin da ke sauya lambar ya kuma dawo maka da sabuwar) a cikin ma'amalar da ke shigar da rasit ɗin, wato jerin umarnin da ake kammalawa tare ko a soke tare. Layin zai kasance a kulle har a kammala, sauran kuma su ɗan jira, wanda a ganina ƙaramin shago ba zai ma lura da shi ba.