Kurakuran da aka fi yi a saƙar hannu da yadda ake gyara su

Suwaita ta farko da na saƙa wa ɗana tana nan a ƙasan akwati har yau, kuma bai taɓa sa ta ba ko sau ɗaya. Wata biyu na yi ina saƙa ta, yawanci da daddare bayan gida ya yi tsit, amma ranar da na zo zura masa ita sai wuyan ya tsaya a goshinsa, ya ƙi gaba ya ƙi baya, yaro ya tsala ihu a cikin riga. Goggona, wadda a hannunta na koyi riƙon kibiyar saƙa, ta karɓi rigar ta zura yatsu biyu a wuyan ta ja, sannan ta ce, "'Yar nan, ai bakin jaka kika ɗaure."

Abin da ya faru shi ne, layin da ake rufe saƙa da shi ba ya miƙewa kamar sauran jikin saƙar, ga shi kuma kan jariri babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, ni kuwa na matse kowane madauki don tsoron kada aikin ya kwance. Maganinsa shi ne a rufe da kibiyar da ta fi wadda aka yi aikin da ita kauri, ko da da milimita 1 ne, a kuma sassauta hannu. Ga rigar jariri ya fi kyau a bar tsaga a kafaɗa a sa maɓalli. Idan an riga an rufe, ba sai an taɓa jikin rigar ba: layin ƙarshe kaɗai za a kwance, a mayar da madaukan kan kibiya, a sake rufewa. Haka matsalar take a layin farko na hula da na safa, inda matsatsen baki ke barin shaida a goshi ko a ƙwauri.

Kuskuren da ya fi wannan cin rai, domin ba ya bayyana sai aiki ya yi nisa, shi ne fara saƙa ba tare da gwaji ba. Kowane mai saƙa da irin hannunsa, har ta kai mutum biyu za su ɗauki zare ɗaya da kibiya ɗaya su fitar da faɗi daban. Shi ya sa takardar da ke naɗe da dunƙulen zare take nuna adadin madaukai da layukan da ya kamata su cika santimita 10. A zare mai matsakaicin kauri, wanda ake saƙawa da kibiya mai milimita 4, adadin yakan kasance madaukai 22. A ɗauka tsarin riga ya ce a ɗora madaukai 110 don gaban riga, wato faɗin santimita 50. Idan hannunki sakakke ne, madaukai 20 suke cika santimita 10, gaban rigar zai fito santimita 55, bayanta ma haka, ke nan an samu ƙarin santimita 10 a zagayen ƙirji saboda bambancin madauki biyu kacal da ido ba ya gani. Idan kuwa hannun matsattse ne, madaukai 24, faɗin zai tsaya a wajen santimita 46, rigar ta ƙi shiga.

Gwajin ba shi da wuya, gajen haƙuri ne ke hana mu yi. A saƙa ɗan yanki da ya kai kamar santimita 15 a kowane gefe, a wanke shi kamar yadda za a riƙa wanke rigar, a bar shi ya bushe, sannan a auna tsakiyarsa, domin madaukan gefe ba su da gaskiya. Idan madaukan sun yi yawa a ƙara kaurin kibiya, idan sun yi kaɗan a rage. Na san masu cewa ɓata zare ne, ni ma na faɗi haka shekara da shekaru, har sai da na saƙa wa maigidana suwaita da hannayenta suka rufe masa yatsu.

Sauran kurakuran yawancinsu rayuwar gida ce ke haifar da su, domin wadda ke saƙa a tsakiyar iyali ba ta samun awa guda ba a kira ta ba. Yaro ya faɗi, wani ya yi sallama, waya ta yi ƙara, sai a ajiye aiki a tsakiyar layi, idan an dawo kuma a ɗauke shi a juye a koma inda aka fito. Sakamakon shi ne ɗan rami a wurin, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da layi biyu. Akwai alamar da ba ta kuskure: zaren da ke fitowa daga dunƙule dole ya kasance a jikin madaukin ƙarshe na kibiyar hannun dama. Idan yana hagu, a juya aikin kafin a ci gaba. Mafi sauƙi dai shi ne a ƙarasa layi kafin a tashi, kuma 'ya'yana sun haddace "bari in kai ƙarshen layi" tun kafin su iya ƙirga goma.

Daga nan sai yawan madaukai da ke ƙaruwa ba da sanin mai saƙa ba, abin da ke sa bargon da aka fara a miƙe ya ƙare yana faɗaɗa kamar fanka. Hanya biyu ce ta fi kawo shi. Ko dai zare ya hau kan kibiya lokacin da ake sauyawa daga saƙar gaba zuwa saƙar baya (salo biyu da ake yin madauki da su), a layi na gaba a ɗauka madauki ne, ko kuma a farkon layi a ja zaren ta saman kibiya har madauki ɗaya ya yi kama da biyu. Ƙirgawa bayan kowane layi huɗu ko biyar tana kama shi da wuri, kuma idan aka sa ɗan zobe na zare mai wani launi bayan kowane madauki 20, ƙirgar ba ta ɗaukar minti ɗaya ko da ana ta hira a kanki.

Madaukin da ya suɓuce daga kibiya shi ne ya fi firgita sabon hannu, alhali shi ne mafi sauƙin gyara. Yakan gangara ƙasa ya bar zaruruwa a kwance kamar matakalar tsani. Da farko a kama shi da fil don kada ya ƙara sauka, sannan a ɗauki kwarashi a zura a cikinsa ta fuskar saƙar, a jawo zaren da ke samansa ta ciki, a jawo na gaba, ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ko guda ba, har a kai shi kan kibiya. Wajen mayar da shi a lura kada ya murɗe, domin murɗaɗɗen madauki yana fitowa a harɗe, ya bambanta da 'yan'uwansa.

Akwai kuma abin da ake zargin kai a kansa a banza. Saƙar da ake yi layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, ɗabi'arta ce ta nannaɗe a gefe, ko a hannun gwana. Guga ba ta hana ta, sai dai a yi mata baki na madaukai huɗu ko biyar da saƙar gaba zalla a kowane gefe.

Batun launi kuwa bargon 'yata ne ya koya mini. Zare ya ƙare mini saura kaɗan, na sayo irinsa, suna ɗaya, kamfani ɗaya, kuma a hasken fitila ban ga komai ba. Da safe na shimfiɗa shi a rana sai ga layi ya raba shuɗi biyu kamar an ja da alli. Ana rina zare ne rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana da lambarsa a jikin takardar, dabam da lambar launi. Saboda haka a sayi duk abin da ake bukata lokaci guda, lamba ɗaya, a ƙara dunƙule ɗaya na ko-ta-kwana. Idan ya zama dole a haɗa rukuni biyu, a riƙa saƙa layi biyu da tsoho, layi biyu da sabo, na ɗan tsawo, sai bambancin ya saje. Wurin haɗin kuma kada a ƙulla a yanke gab da ƙulli, domin wanki zai kwance shi. A bar jela kamar santimita 15, a cusa ta cikin bayan saƙar da allura mai dakusasshen baki.

Akwai kuma kuskuren da ba shi da gyara, wato wanke ulu da ruwan zafi ana cuɗawa. Zafi da sabulu da cuɗa suna sa gashin ya sarƙe da juna, rigar ta tsuke ta yi tauri, kuma ba ta komawa. Ƙanwata ce ta yi mini wannan taimakon wata rana da na kwanta rashin lafiya, rigar babban mutum ta fito daidai ɗan shekara biyar, ban kuma iya yi mata faɗa ba tunda ban taɓa gaya mata ba. Ulu ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi yake so, a matsa shi a hankali, a naɗe a tawul don tsane ruwa, a shanya shi a kwance, domin rataya tana sa nauyin ruwa ya ja shi ya yi tsawo. Zaren roba yana jure wanki, amma dutsen guga mai zafi yana lalata shi ko ya narkar da shi.

Idan kuskure ya yi nisa har babu makawa sai an warware, a ɗauki allura da siririn zare mai wani launi a zura ta cikin dukkan madaukan wani layi mai kyau da ke ƙasa da wurin, sannan a zare kibiya a ja. Warwarar za ta tsaya a kan wannan zaren, babu madaukin da zai ɓace. Zaren da aka warware yakan fito a lanƙwashe, kuma idan ya daɗe a saƙe ba ya kwanciya da kyau a sabon aiki. A naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure a wuri uku ko huɗu, a jiƙa shi a ruwa, a rataye ya bushe, zai miƙe. Da irin wannan zaren, wanda na kwance daga suwaitar maigidana mai dogayen hannaye, 'yata take koyo yanzu, kuma jiya da ta ƙirga ta samu madaukai 34 a inda ta fara da 30.