Shawara ga masu neman dangin da suka zauna a Sudan ko Saudiyya

Jama'a, idan kuna neman kakanku da ya tafi Hajji a ƙasa bai dawo ba, ku neme shi da sunansa na yanka, ku ajiye laƙabin da aka san shi da shi a gida.

Na daɗe ina cigiyar wani Garba, ashe a can Abubakar kowa ke kiransa. Haka Audu yake komawa Abdullahi, Mamman kuma Muhammad, domin da Larabci ake rubuta takardu, kuma sunan mutum da na mahaifinsa da na kakansa ake jerawa. Saboda haka ku zauna da dattijuwar gidanku ta lissafo muku sunayen nan uku, ku ɗauki muryarta a waya, sannan ku rubuta su da haruffan Larabci kafin ku shiga Facebook nemansa. A Saudiyya ku haɗa sunayen da Hausawi, Barnawi ko Fallata, wato sunayen dangi da mutanenmu ke ɗauka a can. A Sudan kuwa ku fara da garin Mai Wurno kusa da Sennar, inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903.

Dabarar ba ta aiki idan sunayen gama-gari ne kamar Muhammad Abdullahi, sai dai in kun san garin asalinsa da sana'arsa.