Yadda Ake Tantance Nau'in Fayil a Rubutun Bash

Mai shagon buga takardu a Nima, cikin Accra, yakan karɓi filasha daga hannun ɗalibai cike da fayiloli barkatai, wasu sunansu ya ƙare da .pdf alhali hotuna ne. Ga yadda ɗan rubutun Bash, wato harshen ba kwamfuta umarni a tsarin Linux da makamantansa, zai tantance su kafin a tura su injin bugawa.

Da farko, a duba ko abin mahaɗi ne kawai mai nuni zuwa wani wuri, da `[ -L "$f" ]`, inda `$f` yake wakiltar sunan fayil ɗin da ake dubawa. Wajibi ne wannan ya zo gaba, domin `-f` yana bin mahaɗin har inda ya kai, sai ya amsa kamar fayil ne na gaske.

Bayan haka, `[ -d "$f" ]` zai nuna ko jaka ce, `[ -f "$f" ]` kuma ko fayil ne na yau da kullum. Kada a manta alamomin zance da ke kewaye da `$f`, suna irin "takardar makaranta.pdf", mai tazara a tsakiya, zai rikita rubutun idan babu su.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, tunda suna ba ya tabbatar da abin da ke ciki. A rubuta `file -b --mime-type "$f"`. Wannan umarni yana leƙa farkon fayil ɗin, inda PDF na gaskiya yake farawa da `%PDF`, sannan ya amsa da `application/pdf` ko `image/jpeg`. A sanya amsar cikin `case`, umarnin da ke zaɓar abin yi gwargwadon amsar, a tura PDF zuwa `lp`, umarnin da ke aika fayil injin bugawa, sauran kuma a ware su cikin wata jaka har mai su ya dawo.