Kurakuran da ke sa salula ta tona wa mai ita asiri, da yadda ake gyara su

Shekara tara ke nan ina gyaran salula a Tawa. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, kafin in buɗe rumfa mutanen Keita da Buza da Illela sun riga sun cika benci, kowa da wayarsa a hannu. Yawancinsu gilashi ne ya fashe ko bakin caji ya daina kamawa, aikin rabin awa. Waɗanda ke tsaya mini a rai su ne masu zuwa da waya lafiya lau, ko ƙwarzane babu, amma abin da ke cikinta ya fita daga hannunsu: an ƙwace WhatsApp, an kwashe kuɗi, ko wata magana da suka yi ta kai inda ba su aike ta ba. Idan na bi diddigi, kusan kullum sai in tarar da hannunsu suka miƙa makullin, wani bisa yarda, wani bisa rashin sani.

Abin yana farawa tun ranar da aka sayi wayar. Mutum ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Buɗe mini Facebook da WhatsApp." Yaron ya ƙirƙiri adireshin Gmail, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a kai, wani lokaci ma ya sa lambarsa a matsayin lambar da za a nema idan an manta. Mai waya ya biya dala ɗari ya tafi. Bayan shekara biyu wayar ta faɗa ruwa, ya sayi sabuwa, ga lambobin mutanensa duka suna cikin asusun da bai san ko sunansa ba, yaron kuma ya tafi cirani. Akwai wata wahalar a kai: wayar Android idan aka wanke ta da ƙarfi, takan ƙi buɗewa sai an shigar da tsohon asusun Google da ke kanta, don hana ɓarayi morar wayar sata. Mai ita na gaskiya sai ya zama kamar shi ne ɓarawon. Gyaran shi ne ka zauna kusa da mai buɗe maka, ka zaɓi kalmar sirri da kanka, ka tabbatar lambarka aka sa, sannan ka rubuta adireshin da kalmar a takarda, da boko ko da ajami, ka ajiye inda kake ajiye takardar haihuwa da ta fili. Idan an daɗe da buɗe maka, ka sa wanda ka amince da shi ya taimake ka ka canza kalmar yau.

Lambobi shida

Wani dattijo ya zo mini da hantsi, ransa a ɓace.

"Ɗana, duba mini. WhatsApp ya ƙi buɗewa tun jiya."

"Baba, akwai wanda ya kira ka ya nemi wata lamba?"

"E. Ya ce daga gurup ɗin ƴan garinmu yake, za a yi taro ta waya, in karanto masa lambar da ta shigo."

Lambar nan guda shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo ita ce makullin gidan. Duk wanda ya same ta zai buɗe asusunka a tasa wayar, kai kuma a fitar da kai. Kafin dattijon ya iso wurina, an riga an rubuta wa ɗansa da ke Abijan da sunansa cewa yana asibiti, ɗan kuma ya turo kuɗi zuwa wata lamba. Babu taro, babu kyauta, babu ma'aikacin kamfanin waya da ke buƙatar wannan lambar. Haka lambar sirrin Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash: duk wanda ya kira ya neme ta, kashe kiran. Su kuma masu cewa "na turo maka kuɗi bisa kuskure, don Allah maido", ka shiga ka duba ragowar kuɗinka da kanka kafin ka yarda da saƙon da suka nuna maka, domin saƙo kowa na iya rubutawa.

Idan an riga an ƙwace, kada a ɓata lokaci. Ka sake shigar da lambarka a WhatsApp, sabon saƙo zai zo wa layinka, da zarar ka sa lambobin an fitar da ɓarawon. In ya riga ya ɗora tasa lambar sirri ta biyu, za ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. A wannan tsakanin ka kira ƴan uwa da baki ka ce kada kowa ya tura ko dala. Rigakafin kuwa minti biyu ne: a cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka zaɓi wasu lambobi shida naka na kanka. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko 123456. Ka kuma leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, domin wanda ya ari wayarka na minti ɗaya yana iya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai daga nesa. Duk na'urar da ba ka gane ba, cire ta.

Akwai kuskuren da ya fi yawa a nan Adar saboda yawan cirani. Saurayi ya je Libiya ko Aljeriya ko Kodebuwa, ya buɗe WhatsApp da Facebook da layin can, ya dawo gida ya ci gaba da amfani da su. Komai na tafiya har ranar da wayar ta lalace. A sabuwar waya za a tura lambobin tabbatarwa zuwa layin da ya mutu tun bara, ko wanda kamfanin can ya sake sayar wa wani. Kafin ka bar ƙasar, ko da zarar ka dawo, ka yi amfani da wurin canza lamba na cikin WhatsApp ka maido asusun kan layin Nijar, Facebook da Gmail ma haka. Layin kuma ya kasance da katin shaidarka aka yi masa rajista, don idan ya ɓace kai kaɗai za ka iya zuwa a sake maka shi.

Game da mu masu gyara, zan faɗi gaskiya. Canza gilashi ko batir ba ya buƙatar a bar mana waya a buɗe. Idan za a gwada, a gwada gabanka. Mata musamman, kada ku bar waya buɗe a rumfa ko wurin mai caji ku tafi cefane. Wanda zai sayar da waya ya cire katin memori, ya fita daga asusunsa, ya maida ta yadda ta fito daga kamfani. Goge hotuna ɗaya bayan ɗaya ba ya isa.

Wasan yara

Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG da eFootball sun shiga kowace unguwa. Ni ban ɗauki wasan a matsayin laifi ba; na ga yaran da suka koyi Faransanci da sarrafa waya ta wannan hanya. Inda ake tuntuɓe shi ne yaro ya haɗa wasan da Facebook ɗin uwarsa, sannan ya ga talla cewa ana raba lu'ulu'un wasa kyauta. Ya latsa, shafi ya buɗe mai kama da Facebook sak, ya zuba suna da kalmar sirri. Lu'ulu'u bai zo ba, asusun uwar ya tafi, da hotunanta da hirarta. Lu'ulu'un nan da kuɗi ake sayensa a cikin wasan, duk wanda ya ce zai ba da shi a banza wani abu yake nema. Haka manhajojin da aka yi wa kwaskwarima, irin su GB WhatsApp da wasannin da aka ce an "buɗe" komai a ciki, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya: ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma WhatsApp na rufe asusun masu amfani da irin waɗannan.

Iyaye kan yi ɗaya daga biyu, ko su sake wa yaro waya dare da rana, ko su ƙwace su buga da ƙasa a kawo mini gyara. Akwai hanya a tsakani. A buɗe wa yaron asusunsa daban, a sa Family Link na Google, wanda ke bai wa uba ko uwa damar ƙayyade awannin wasa da hana sauke abu sai da izini. A tambaye shi su wa yake magana da su, domin a cikin wasan ana hira da baki da mutanen da ba a sani ba, manya da yara. Kuma a bambance wasa da caca. Manhajar da ake zuba kuɗi a kan sakamakon ƙwallo caca ce, ko da samari suna kiranta "wasa". Wata ƴar shawara ta mai gyara: buga wasa waya na kan caji a zafin Afrilu shi ke kumbura batir.

Vokal ba hirar fada ba ce

Nan ne na fi jin tsoro. A fada, ana shan shayi, kowa na faɗin ra'ayinsa kan gwamnati da tsadar shinkafa da sha'anin tsaro, a yi musu a tashi, iska ta ɗauke. Mun ɗauko wannan ɗabi'ar mun shigar cikin WhatsApp, mun manta vokal, wato saƙon murya, yana zama, da muryarka da lambarka. Mutane na cewa ai WhatsApp a kulle yake, ko kamfanin ba ya iya sauraro. Gaskiya ne saƙon a kulle yake a kan hanya, tun 2016. Amma gurup na iya ɗaukar mutum 1024, kuma kowane ɗayansu na iya tura maganarka gaba ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa. Goge saƙon daga wayar kowa yana yiwuwa cikin kusan kwana biyu, sai dai ba ya maido abin da wani ya riga ya kwafa.

Ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce. Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta fito ranar 3 ga Yuli 2019. A 2022 aka gyara ta aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi. A watan Yuni 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan wata doka da ta maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa kan ɓata suna ko zagi ta waya ko intanet, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam, ko da labarin gaskiya ne. Ƙungiyoyin ƴan jarida da na kare haƙƙin ɗan Adam sun soki wannan gyara, amma ita ce ke aiki. Kalmar "yaɗa" kuwa ta haɗa har da wanda turawa gaba kaɗai ya yi. "Ni ma turo mini aka yi" ba ta wanke kowa.

Ba ina cewa mutane su kulle baki ba ne. Ɗan ƙasa yana da ra'ayi, kuma yana da kyau ya faɗa. Amma cewa hanyar unguwarku ta lalace ko farashi ya yi yawa daban yake da zagin uwar wani ko ɗora wa mutum sata ba hujja. Idan rai ya ɓaci, kada a danna maɓallin vokal. A jira a yi sallah, a sha ruwa, in har yanzu akwai abin faɗa sai a rubuta, domin rubutu na ba mutum damar sake karantawa kafin ya aika. Ɗaukar hoton ayarin sojoji ko shingen jandarma a watsa shi ma a bar shi gaba ɗaya.

Sai bidiyon ƙarya. Sau da yawa ana kawo mini bidiyo a ce jiya aka yi a hanyar Konni ko Abalak, in duba in ga lambar motar ba ta Nijar ba ce, ko ciyawa shar alhali muna tsakiyar rani, ko harshen da ake yi ba a jinsa a yankin. Tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa aka ɗora masa sabuwar murya. Yanzu ma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, a sa shugaba ko malami ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Idan amsar ita ce "a wani gurup na gani", tsaya nan. Idan ka ga alamar kibiya biyu a kan saƙo, ya riga ya bi hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ka. Mai ɗan sani ya tsayar da bidiyon, ya ɗauki hotonsa, ya sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa zai ga an wallafa shi shekaru da suka wuce.

Wata uwa ta taɓa wuni a bencina tana kuka, saboda wani vokal ya ce an tare motoci a hanyar da ɗanta ya bi da safe, layinsa kuma ba ya shiga. Da la'asar ya kira, cajinsa ne ya ƙare, hanya lafiya lau. Wanda ya tura mata vokal ɗin ɗan ƙanenta ne, kuma da kyakkyawar niyya ya tura. Masu kula da gurup na iya rage irin wannan: akwai saitin da ke sa su kaɗai ke iya aika saƙo, sai su kunna shi a ranar da jita-jita ta yi yawa, su buɗe idan an sami labari daga wanda ya gani da idonsa.