Ga masu jinyar tsofaffi a asibiti

Salamu alaikum 'yan uwa na Maradi. Na kwana goma ina jinyar Inna, ga abin da na lura. Tsoho ya fi faɗowa daga gado da dare, in fitsari ya matse shi, musamman mai shan maganin hawan jini ko na barci, don jiri ke ɗibarsa. Ku shimfiɗa tabarmarku dab da gadon, ku taka birkin tayoyin, fo da tocila su kwana kusa. In zai sauka, ya ɗan zauna bakin gado tukuna. Ƙarfen gefe kuwa, a tambayi ma'aikatan jinya kafin a ɗaga, domin tsohon da ya rikice haurawa yake, faɗuwar ta fi muni. Allah ya ba su lafiya.