Yadda Ake Cika Zauren Ƙwallon Kwando na Kwaleji a Kuma Ga Kuɗi

Kujerar da ba a sayar ba a daren wasa kamar tumatirin da ya kwana biyu a kasuwa ce, ba ta da sauran daraja. Kakar ƙwallon kwando a kwalejojin Amurka gajeruwa ce, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma wasannin da ƙungiya ke yi a gida ba su cika kai 20 ba. In kai aka ɗora wa nemo wa ƙungiyar makarantarku kuɗi, waɗannan dararen su ne gonarka. Kada ka sa ido a kan kuɗin talabijin na babbar gasar Maris. Gaskiya ne a 2016 kamfanonin talabijin CBS da Turner sun sabunta kwangila da NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, kan dala biliyan 8.8, amma kafin a raba a sake rabawa ya iso ƙaramar makaranta, ya zama ɗan taɓa ka lashe.

Mataki na farko: cika gefen ɗalibai, ko da kyauta ne

Mutum ba ya fitowa cikin sanyin Janairu don ya zauna a zauren da ake jin ƙarar takalman 'yan wasa. A waya ma zai iya kallo. Abin da yake saye shi ne hayaniya, kuma ɗalibai ne masu ita. Zauren jami'ar Duke kujeru 9,314 kawai gare shi, amma wuri mafi kyau, dab da fili, ɗalibai aka bar wa. A tsaye suke kallo, kuma tun 1986 suke kafa tantuna suna kwana a waje don samun shiga wasansu da abokiyar hamayyarsu, jami'ar North Carolina.

Za ka ce ai wannan Duke ce, fitacciya a ƙwallon kwando. To, duba Taylor, wata ƙaramar jami'a a jihar Indiana. Sau ɗaya a shekara, gab da jarrabawar Disamba, ɗalibai kan cika zaure maƙil cikin shigar ban dariya, amma tsit, ko tari ba ka ji. Ƙungiyarsu ta ci maki 2, shiru. Ta ci 8, shiru. Da ƙwallon da ya kai su maki 10 ya faɗa raga, sai wuri ya kece da ihu, har su kwararo cikin fili. Wannan al'ada ba ta cin kuɗi, ga shi ana nuna ta a gidajen talabijin na ƙasa. Saboda haka ka kira shugabannin ɗalibai, ka ba su gefe guda da riga iri ɗaya, sannan ka janye jikinka. Al'adar da aka tsara a ofis ba ta daɗewa.

Mataki na biyu: san wanda ya saya

Duk tikitin da ya fita, a samu sunan mai shi da lambar waya ko imel. Wanda ya zo sau biyu bara shi ne farkon wanda za a kira bana.

Mataki na uku: sayar da kaka sukutum kafin ta fara

Tikitin kaka shi ne kuɗin da ke shiga aljihu ko ƙungiya ta yi nasara ko ta sha kashi. Ana gama wasan ƙarshe a Maris ka fara neman masu sabuntawa, tun zafin abin bai huce ba. Ka ba su damar biya kaɗan-kaɗan duk wata. Wanda ya ce ba zai iya duka ba, haɗa masa ƙunshin wasa huɗu ko biyar: ɗaya na babbar abokiyar hamayya, sauran na tsakiyar mako da ba kowa ke so ba. Mai neman tsoka dole ya ɗauki ƙashi, haka mahauta ke yi.

Manyan makarantu kan ɗaura kujerun gaba da gudummawa ga asusun wasanni. Sai dai ka tuna dokar harajin Amurka ta 2017 ta soke rangwamen kashi 80 cikin 100 da masu irin wannan gudummawa ke samu. Yanzu dole ka saka musu da abin da ido ke gani: wurin ajiye mota kusa da ƙofa, liyafa da koci, damar kallon atisaye.

Mataki na huɗu: kada ka karya farashinka da hannunka

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. An ga zaure wayam, sai a shiga rabon tikiti kyauta a gari. Mutumin da ya biya kuɗin kaka tun Afrilu ya waiga ya ga na kusa da shi bai biya ko sisi ba, baɗi ba za ka gan shi ba. In za ka yi ragi, ka yi wa masu zuwa a jimla: makarantun firamare, ƙungiyoyin yara masu wasa, ma'aikatan asibiti, tsofaffin ɗalibai. Ka bar yaran su buga na minti biyar lokacin hutun rabin lokaci. Yaro ɗaya kan jawo uwa da uba da kaka, kuma duk sai sun sayi abin taɓawa. Farashi kuma ya bambanta, wasan Asabar da maƙwabta ba ɗaya yake da na Talata ba.

Mataki na biyar: buɗe kaka da biki

A Oktoban 1971 kocin jami'ar Maryland, Lefty Driesell, ya fitar da 'yan wasansa gudun mil ɗaya da tsakar dare, a ranar farko da doka ta yarda a fara atisaye. Ɗalibai suka fito kallo. Daga nan atisayen farko ya zama biki a makarantu irin su Kentucky da Kansas. Yi naka, ka ajiye teburin tikiti a bakin ƙofar fita.

Mataki na shida: jadawali da 'yan talla

Manyan makarantu kan biya ƙanana dubban daloli su zo gidansu a buga, galibi kuma a lallasa su. Ka karɓi biyu ko uku don cike giɓi, amma in sun yi yawa za ku dawo gida a Janairu da tarin rashin nasara, ba mai sha'awar kallonku. Su kuma 'yan talla, ba sai ka sami irin kamfanin da ya sa sunansa a zauren Louisville, wato KFC Yum! Center, ba. Bankin gari, dillalin motoci da gidan abinci sun isa. Maimakon allo a bango, ka ba kowa darensa da gasar jefa ƙwallo daga tsakiyar fili da sunansa.

Mataki na bakwai: ƙungiyar mata

Masu ɗaukar ta a matsayin cikon benci suna barin kuɗi a ƙasa. A Oktoban 2023 matan jami'ar Iowa, lokacin tauraruwarsu Caitlin Clark, sun buga da DePaul a filin ƙwallon Amurka na makarantar gaban mutum 55,646, kuma wasan ƙarshe na mata a 2024 ya fi na maza 'yan kallo a talabijin. A jami'ar South Carolina kuwa a hankali koci Dawn Staley ta gina nata jama'ar, har suka yi shekara da shekaru suna gaban kowa wajen cika zaure. Ka ware wa mata nasu kasafin talla da nasu mai kiran waya, ka sa wasanninsu ranar Lahadi da rana, lokacin da iyali ke iya fitowa.